Kirisantimam a Sakkwato: tukunya mai fure ko 'ya'yan gindi?

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakanin tukunyar kirisantimam mai manyan furanni da kika gani wajen masu sayar da fulawa, da 'ya'yan gindin (tohon da ke fitowa daga gindin uwar shuka) da ƙawarki ta ce ki zo ki ɗiba kyauta, ki tafi gidan ƙawarki. Tambaya ɗaya kawai za ki yi mata: uwar shukar ta taɓa ƙetare bazara a garin nan? In ta ce e, ki ɗibo.

Na tukunyar yana da kyau, ba wanda zai hana shi wannan. Amma kyansa na lallen amarya ne, sati uku ko huɗu ya goge. Galibi daga wurare masu sanyi irin Jos ake kawo shi, an raine shi ne don ya yi fure sau ɗaya a gaban mai saye. Sau da yawa rassa uku zuwa biyar ake cusawa a tukunya guda don ta cika ido, wasu masu rainon kuma suna fesa maganin hana tsawo don ya tsaya gajere a dunƙule. Da furen ya bushe, maganin ya sake shi, sai ya miƙe siriri, zafin Afrilu kuma ya ƙarasa shi. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Wanda ke gidana irin na ƙawarki ne, mai ƙananan furanni rawaya da ba su wuce faɗin murfin kwalba ba. A Mayu in kika gan shi za ki ce a tuge a yar. Amma a Janairu yakan rufe har ba a ganin ganye, baƙi su riƙa tambaya ko na roba ne, ga shi duk shekara yana fitar da 'ya'yan da ake rabawa dangi. Irin nan mai ƙananan furanni ya fi juriya, ba ya buƙatar a tokare shi da kara, kuma wanda ya riga ya sha bazarar Sakkwato ya rayu ya ba ki shaidar da babu mai sayarwar da zai iya ba ki.

Abin da ya kamata ki gane shi ne yadda shukar nan ke lissafin lokaci, don a nan yawancin mutane ke shan kashi. Asalinta daga ƙasar Sin take, inda ranakun damina ke da tsawo sosai, sai ta yi ta girma da ganye, in dare ya fara tsawo a kaka ta ɗaura fure. Tsawon duhu take aunawa. In ta samu duhun da bai yanke ba na kimanin awa 11 ko fiye, sai ta daina girma ta fara ƙullin fure. Mu kuwa Sakkwato muna wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya. Ranarmu mafi tsawo a Yuni ba ta cika awa 13 ba, a Disamba kuma awa 11 ce da 'yan mintuna. Ke nan kusan duk shekara darenmu ya ishe ta ta ce lokacin fure ya yi. Shi ya sa za ki dasa ɗan toho, bai kai taƙi ɗaya ba ya fito da fure biyu ko uku ya tsaya nan, ki yi ta zuba taki a banza.

Maganin wannan matsalar shi ne fitila. Ki katse mata daren. Ƙwan lantarki na wat 9 ko 10, a rataye kamar mita ɗaya sama da tukwanen, a kunna daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2, ya wadatar. Da yake wutar gari ba abin dogaro ba ce, fitilar sola ta fi, don in aka yi dare da yawa a jere babu haske za ta fara ƙulli, kuma in ta fara da wuya ta koma. Mafi sauƙi ma, in akwai fitilar tsaro da ke kwana a kunne a tsakar gida, ki ajiye tukwanen ƙarƙashinta. Sai dai fitilar nan ita ce kuma za ta hana ki fure in kin manta da ita. Ranar da kike son shukar ta fara ɗaurawa, dole ki ɗauke ta zuwa lungun da ko hasken taga ba ya kaiwa da dare.

Na biyu zafi. In zafin dare ya haura digiri 25, ƙullin yakan jinkirta, ko ya buɗe a karkace da launi a koɗe. Darenmu na Afrilu da Mayu ya wuce haka, rana kuma 40 zuwa sama. Daren Disamba da Janairu kuwa yakan sauko wajen 15 zuwa 17, daidai abin da take so. Saboda haka duk dabarar ita ce furen ya faɗo cikin hunturu, sai ki yi lissafi baya-baya.

Farkon Satumba ki ɗibo 'ya'yan. Ki zaɓi na gefen uwar, masu tsawon santimita 8 zuwa 10 da 'yan fararen saiwoyinsu, kada ki ɗauki tsakiyar da ta zama itace. Da yamma ake cirewa, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. In babu masu saiwa, ki yanko kan reshe mai taushi da sabuwar reza, ki cire ganyen ƙasa, ki soka santimita 3 cikin wankakken yashi mai danshi, a inuwa. Sati biyu zuwa uku zai yi saiwa. Reshen da ya riga ya ɗaura fure ba ya kamawa da kyau.

Ƙasar dashe: kashi biyu ƙasar lambu, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi ko ƙonannen buntun shinkafa. Kada ki yi amfani da lakar fadama zalla, tana riƙe ruwa ta shaƙe saiwa. Takin kuma ya zama wanda ya kwana biyu har ya koma baƙi ba wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, busasshen kashin shanu da bai ruɓe ba kuma gara yake kirawo. Tukunyar yumɓu mai faɗin santimita 25 zuwa 30 da huji a gindi ta fi baƙar roba nesa ba kusa ba, don roba tana ɗaukar zafi ta dafa saiwa. Shuka ɗaya a tukunya ɗaya. In a ƙasa ne, ki ɗaga kunya, ki bar santimita 40 tsakani. Wurin ajiya gabashin katanga, inda za ta sha hantsi na awa huɗu zuwa shida, inuwa ta rufe ta daga azahar. Ki kuma yi mata shinge, awakinmu ba sa tambayar sunan fure.

In ta kai santimita 15 ki tsinke kanta da farce, kamar santimita 2. Ki daure, mutane da yawa tausayi ke hana su. Kowane kai da aka tsinke rassa uku ko huɗu yake fitarwa, kowane reshe kuma da nasa furen. Rassan in sun kai santimita 10, wajen tsakiyar Oktoba, ki sake tsinke su. Daga nan kada ki ƙara. Bayan sati biyu, farkon Nuwamba, ki kashe fitila. Yawancin ire-iren suna buɗewa sati bakwai zuwa tara bayan haka, wato ƙarshen Disamba zuwa Janairu.

Takin zamani NPK 15-15-15, cokalin shayi ɗaya a narke cikin lita 5 na ruwa, duk sati biyu, a kan ƙasa mai danshi. Da ƙullin ya nuna launi ki daina. Yawan yuriya ganye kawai yake ba ki da kara mai laushi. Ban ruwa a gindi ake yi da safe. Ki soka yatsa, in gaɓa ɗaya ta fito a bushe ki ba ta har ya ɗiga ta ƙasa.

Hunturu yana zuwa da nasa sharrin. Ƙura da bushewar iska su ne abincin wani ɗan mitsitsin jan gizo-gizo da ke zama a bayan ganye. Alamarsa ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari, ya dushe, daga baya ki ga saƙa siririya. Maganin ƙwari na yau da kullum ba ya kashe shi sosai, har yakan ƙara masa yawa don ya kashe masu cinsa. Ki riƙa wanke bayan ganyen da feshin ruwa da safe, sau biyu ko uku a sati. Darɓa kuma, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan shuka, kan toho da ƙulli take taruwa. Ki daka 'ya'yan dogonyaro giram 50, ki jiƙa a lita ɗaya ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu kaɗan, ki fesa da yamma duk sati.

Fure in ya ƙare a Fabrairu, ki yanke karan duka ki bar santimita 10. Daga Maris zuwa saukar ruwa ba girma ake nema ba, rai kawai ake riƙewa. Ki kai ta ƙarƙashin rumfar zana ko gindin bishiya, ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa, kada tukunya ta zauna kan siminti mai zafi, babu taki ko kaɗan, ruwa safe da yamma in ƙasar ta bushe. Duk ƙullin da ta fitar a lokacin ki cire, ƙarfinta yake ci. Da damina kuma matsalar ta juya: ruwan Agusta yana ruɓar da saiwa ya sa baƙin tabo a ganyen ƙasa. Ki ɗora tukwanen kan bulo, ki cire ganyen da ya yi tabo ki ƙone, ki ba su tazara iska ta ratsa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu sayarwa. Akwai mai yanko reshe mai fure ya soka a ƙasa ya sayar a matsayin shuka, kwana uku ya yi yaushi. Ki ja karan a hankali, ko ki sa a kife tukunyar a tafin hannu ki ga saiwa. Fara mai ƙarfi ake so, baƙa mai wari ta ruɓe. In an nuna miki mai shuɗi, rini ne aka yi wa fari. Shuɗi na gaskiya sai a 2017 masu bincike a Japan suka samar da shi ta hanyar sauya ƙwayar halitta, ba abin da za ki tsinta a bakin titi ba ne. Haka fakitin irin da ake tallatawa a intanet da hoton fure mai launi bakwai, kada ki ba da kuɗinki. Irin lambu na ƙwarai ta reshe da 'ya'yan gindi ake yaɗa shi, ƙwayarsa ba ta fito da kamannin uwa.

In kuma biki ne ya matso kike son tukunyar don ado, ki saya da sanin cewa ta 'yan makonni ce. Ki zaɓi wadda rabin ƙullinta bai buɗe ba, ki duba bayan ganyen da kyau, kuma ki ajiye ta nesa da sauran shukokinki na sati biyu kada ta kawo musu ƙwari.