Shagon kemikal ɗin da na sayi kayan sabulun ruwa a Sabon Gari

Salam 'yan uwa. Tunda wasu suna ta tambayata inda nake sayen kayan haɗin sabulun ruwa, bari in faɗi yadda muka yi da shagon da na koma wa watan jiya a kasuwar Sabon Gari ta Kano, can layin masu kemikal. Sunan shagon dai ba zan kama ba, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi, ni kuma ba na son a ce na ɓata wa mutum kasuwa.

Abin da na saya: kostik (soda mai cin fata), soda ash (farar hodar wanki), salfonik da Texapon da SLS masu kawo kumfa, Natrosol mai sa kauri wanda a kasuwa za ki ji ana ce masa naitirosol, sai kala da turaren lemo. Awo dai ba laifi, da na dawo gida na ɗora a sikelina na kek kusan komai ya cika, farashin ma bai wuce na maƙwabtansa ba. Wannan kam na ba su.

Inda raina ya fara ɓaci shi ne leda. Farar hoda iri uku aka ƙulla min a farar leda, babu rubutu ko ɗaya, na ce wa mai shagon Malam ya zan bambance su, ya ce ai Hajiya da kin gani za ki gane. To ni na gane saboda na ɗan jima a harkar kuma na yi kemistiri a NCE, amma yarinyar da jiya ta gama koyo a wurin taron koyon sana'a fa? Sai da na ari biro na rubuta da kaina. Na biyu kuma kostik ɗin da aka fara auno min ya yi danshi ya cure kamar sukarin da ya kwana a buɗe da damina, don buhun a buɗe yake ajiye bakin ƙofa. Shi kostik mayen ruwa ne, daga iska ma yake zuƙar danshi, in ya daɗe a haka kuma saman ya fara rikiɗa ya rage ƙarfi, ga shi kina biyan kuɗin ruwan da ya sha a kan sikeli. Na ce a canza, ya ɗan ɓata fuska amma ya sa yaro ya buɗe sabon buhu.

Yaron nan shi ne ya sa zan koma shagon gaskiya. Yana ƙulla kaya yana cewa Anti kar ki zuba ruwa a kan kostik, shi za ki riƙa zubawa a ruwa kaɗan-kaɗan, kuma a roba mai kauri. Daidai ya faɗa. Kostik in yana narkewa zafi yake fitarwa, ki taɓa gefen bokitin ki ji kamar an sauke daga wuta alhali ruwan sanyi kika ɗebo, idan ruwan kaɗan ne a kan hoda mai yawa zai iya tafasa ya fantsamo miki a fuska. Kuma kar a kuskura a yi a tukunyar alminiyam irin wadda muke ce wa ta dalma, cinye ta yake yi yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Safar hannu dole, in ya taɓa fata a yi ta kwarara ruwa kawai.

Soda ash ɗinsu ne ya ba ni wahala, har na fara zagin shagon a zuciyata, ashe laifina ne. Da asuba na jiƙa, da ruwan randa da ya kwana cikin sanyin hunturun nan, na juye hodar gaba ɗaya lokaci guda na tafi ɗora karin kumallo. Ina dawowa na tarar ta daskare a gindin bokiti kamar siminti, muciya ma ƙwal ƙwal take yi a kai. Abin da na manta shi ne soda ash ba halinsa ɗaya da gishiri ba. Gishirin miya wajen giram 36 yake narkewa a ruwa mililita 100, ko ki dafa ruwan abin da zai ƙaru kaɗan ne. Shi kuwa soda ash a zafin digiri 20 na Selsiyos wajen giram 21 kawai ruwan zai ɗauka, amma da ya kai digiri 30 ya kusa ninkawa. Wato ruwa yana da cikinsa, in ya ƙoshi ya ƙoshi, ko ki kwana kina juyawa sauran zai zauna a ƙasa, sai dai ki ƙara ruwa ko ki ɗumama shi. Na ɗumama wani ruwan ɗumi-ɗumi na riƙa barbaɗawa ina juyawa, minti kaɗan ya tafi tas. Ni abin ma kanwa ya tuna min, ai dangi ne, shi ya sa iyayenmu suke jiƙa ta tun da wuri su tsiyaye ruwan, ba a jefa dunƙulen a tukunya a ce a take zai narke.

Natrosol kuwa duk wadda ta iya kaɗa miyar kuka ta iya shi. Ba narkewa yake yi nan take irin ta sukari ba, kumbura yake yana shan ruwa a hankali, in kika juye shi tuli guda sai wajensa ya jiƙe ya zama yauƙi ya rufe busasshiyar hodar a ciki, ga gudaji nan kamar idon kifi har ki gama haɗin suna yawo. Barbaɗawa ake yi hannu ɗaya, ɗaya hannun yana juyawa, a ruwan da ba a sa komai ba tukuna. Sai ya watsu sosai sannan ruwan kostik ya shiga, don da ya ji kostik yake kamawa ya yi kauri. Nasu ya yi kyau, bai yi min gudaji ba, kaurin ma ya fi wanda na saba saya.

SLS ɗin irin mai kamar shinkafa ne, na jiƙa da daddare da safe ya narke. Texapon shi ma ba matsala, na murza shi da ɗan gishiri kamar yadda yaron ya ce kafin ya ga ruwa, in ba haka ba curewa yake kamar ƙaro. Amma a yi hankali da gishirin, akwai inda yake kaiwa maimakon kauri sai sabulun ya tsinke.

Turaren ne ban ji daɗinsa ba sam. Ƙamshin a kwalba kamar gaske, bayan sati biyu a jarka sai ki sa hanci sosai kafin ki ji. Na san dai ba daga haɗawa ba ne, don a ƙarshe na zuba bayan salfonik da Texapon sun shiga, tunda turare mai ne kuma mai ba ya shiga ruwa sai sabulu ya riƙe shi, kuma bai taso sama ba. Ina zargin an sirka shi ne kawai. Shi kam wani wurin zan nema.

Wani abu da na gwada saboda maƙwabciyata ta ce kayan shagon jabu ne wai nata haɗin ya yi fari-fari da laka a ƙasa: na ɗebi ruwan rijiyarsu a kofin gilas, na ɗebi ruwan leda a wani, na zuba ruwan soda ash cokali ɗaya a kowanne. Na ledar ya zauna garau, na rijiyar ya yi hazo kamar an ɗiga madara. Ruwansu ne mai nauyi, sinadarin kalsiyam ɗin ciki yake haɗuwa da soda ash ya zama alli, alli kuma ba ya narkewa. Ta yi shiru, yanzu dai ruwan sama ta ce za ta tara in damina ta zo, kafin nan tana sayen na 'yan garuwa daga wata borehol.

In maki ne zan ba su bakwai cikin goma. Ranar Asabar zan koma ƙaro salfonik, da robobina masu murfi da biron maka zan tafi, kuma in yaron nan ba ya nan sai na jira shi.