Lamba 18 da agajin damina a Maradi: inda aikin ke tafiya da inda yake cijewa

Ruwan da ya sauka a birnin Maradi ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024 ya kai wajen milimita 150 cikin ƙasa da sa'a biyu. Rufin gida mai faɗin murabba'in mita 100 ya karɓi lita 15,000 ke nan, wato duro 75, kuma duk a titi suka ƙare. Da irin wannan rana ake auna ma'aikatan agaji na gari, don haka da ita za mu auna su.

'Yan kwana-kwana sun cancanci yabo. Kiran lambarsu, 18, kyauta ne, kuma aikinsu ya wuce kashe gobara: su ne ke tono wanda gini ya danne, su kwashi mai rauni zuwa likita, su zuƙe ruwa daga gidaje da inji. Amma idan unguwa biyar suka kira a lokaci guda, dole a zaɓi inda rai ke cikin haɗari. A nan mai kira kan cuci kansa. "Ku zo, ruwa ya cinye mu" ba ya kai mota ko'ina. A faɗi unguwa, a ba da alamar da direba zai gane, masallaci ko makaranta ko gidan mai, a faɗi mutum nawa ne, ko akwai wanda bango ya danne, da inda ruwan ya kai a jiki: idon sawu, gwiwa ko ƙugu. Sannan a tsayar da mutum a bakin kwalta ya tarbe su, domin babbar mota ba ta shiga lungunan tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi. Kada a riƙe wayar da wasu kiraye-kiraye, suna iya kira su tabbatar.

Kafin su iso, aikin na masu gida ne. A kashe wuta daga mita tun hannu da ƙafa suna bushe. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa: ruwa ya kwanta masa, laka ta jiƙe ta saki, sai nauyin rufi ya ƙarasa shi. In an ga danshi yana hawa bango, ko tsaga ta buɗe a kusurwa, ko ƙofa ta soma cijewa, a fitar da yara da tsofaffi nan take, a bar kaya. Gini da yawa sai bayan an ɗauke ruwa yake faɗuwa, a daidai lokacin da mutane suka koma kwasar buhu da katifa. Ruwa mai gudu kuwa, santimita 15 kan kayar da babba, 30 kan ɗaga ƙaramar mota.

Inda tsarin ya fi rauni a ganinmu shi ne gabanin ruwa. Maradi ba baƙuwar ambaliya ba ce: a 1945 Gulbi ya ci tsohon gari, shi ya sa aka hauro tudu. Yau ruwan tudun ne ke gangarowa da ƙarfi zuwa unguwannin ƙasa, ya tarar da magudanai cike da yashi da leda. Yasar magudana aikin watan Afrilu da Mayu ne, kuma dole a kwashe abin da aka fitar a ranar. In an tara shi a gefe, ruwan farko zai maida shi ciki. Gargaɗin ma'aikatar hasashen yanayi yana fita a rediyo, to amma gargaɗin da bai ce wa magidanci ga inda zai kai iyalinsa ba, rabin aiki ne. Kamata ya yi kowane mai unguwa ya san makarantar da mutanensa za su fake tun kafin watan Yuni, da wanda ke riƙe da makullinta.

Bayan ruwa, ma'aikatan magajin gari da masu unguwanni kan bi gida-gida suna rubuta waɗanda abin ya shafa, kuma da wannan jerin ake raba hatsi, tabarmi da gidan sauro. Wanda ya tafi gidan dangi ranar ƙidaya, sunansa kan faɗi. A ɗauki hoton ɓarnar kafin a gyara, a bar wani a gida da katin shaida, a tabbatar an rubuta yawan iyali daidai. 'Yan haya su ma su sa ido, kar a rubuta mai gida a manta da wanda kayansa suka tafi.

Fakewa a makarantu ma yana da tsadarsa, domin a 2024 sai da aka ɗage komawa karatu a duk Nijar zuwa 28 ga Oktoba. Ga kuma batun ruwan sha, wanda ake yi wa sakaci. Masai kan cika ya malala cikin rijiya, kuma jihar Maradi ta sha fama da kwalara a 2018 da 2021. Ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a saka Aquatabs, maganin tsabtace ruwan sha, gwargwadon litar da aka rubuta a jikin takardarsa, a jira minti 30 kafin a sha. In babu, a tafasa.