Jirgin Dreamliner da munka shiga zuwa Umra

Jama'a masu tambayata wane jirgi munka shiga zuwa Umra, Boeing 787 ne, wanda ake ce ma Dreamliner. Daga Sakkwato ƙaramin jirgi munka hau a filin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, can anka sa mu cikin wanga babban mai hanyar wucewa biyu, kujeru tara kowane layi, uku-uku. Ba wai sabo fil ba ne, tun 2011 irinshi ya fara ɗaukar fasinja a Japan.

Ni iskar ciki ta fi burge ni wallahi. Duk wanda ya saba doguwar tafiya ya san yadda ake sauka leɓe ya tsage hanci ya bushe awa ka kwana waje cikin hunturu, kai na ta sara. Wanga kam ban ji haka ba. Kusan rabin nauyin jikinshi haɗin kabon ne wanda bai yin tsatsa, shi ya sa suke iya barin ɗan danshi cikin iskar, kuma matsin iskar daidai yake da na bisa tudu mai tsawon ƙafa 6,000, tsoffin jirage kuwa 8,000 ne, inda iskar shaƙa ta fi ƙaranci. Hajiyarmu da ko motar Gusau ke wahalar da ita barcinta ta sha, ƙarar inji ma ba ta da yawa, kana hira ba sai ka ɗaga murya ba.

Tagar babba ce kuma babu marufin ja, maɓalli ne ka latsa gilashin ya riƙa yin shuɗi a hankali har ya yi duhu. Sai dai ma'aikatan kamfanin da munka bi sun kulle su duka daga wajensu da dare, ina son in duba ko alfijir ya keto saboda asuba na latsa na latsa shiru, sai da na kira ɗayansu.

Wajen tashi fikafikan lanƙwasawa suke sama sosai, maƙwabcina har ya fara salati, alhali haka anka ƙera su.

Kujera kam akwai matsi, mai jiki da babbar riga ya shirya gogar kafaɗa. In da tsoho za ku tafi ku roƙa a ba shi ta bakin hanya tun wajen awon kaya, saboda zuwa ban ɗaki.