Zuwa ga Yaya a Garwa, kan larurar jijiyoyin kan 'yarmu

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ku da Inna da duk mutanen gida. Ya jikin 'yarmu? Allah Ya ƙara sauƙi.

Hoton takardar sikana, wato hoton cikin kai, da kuka aiko ya iso, na kuma ga haruffan nan uku da likita ya rubuta, MAV, wato cukurkuɗewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa. Ni ba likita ba ne, kun sani, tura gadon marasa lafiya nake yi a wani asibiti a nan Marsai, ƙasar Faransa. Amma masu wannan larura da hannuna nake kai su ɗakin hoto, kuma na tambayi waɗanda suka sani.

Yadda Allah Ya tsara jiki, jijiyar da ke kawo jini daga zuciya sai ta rarrabu zuwa sirara, ƙarfin jinin ya ragu, sannan ya shiga jijiyar komawa. Mai MAV akwai wani wuri a ƙwaƙwalwarsa da siraran nan babu su, jijiyoyin sun cukurkuɗe, jini na faɗawa kai tsaye, kamar a buɗe ƙofar dam ɗin Lagdo cikin 'yar magudanar gona. Tsoron shi ne wata rana gefen ya fashe. Yawanci da abin ake haihuwar mutum. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, kuma ba a ɗauka, don haka kada faɗuwar farfaɗiyar da ta yi ta sa a raba mata kwano. Idan bai taɓa fashewa ba, haɗarin zubar jini kusan 2 zuwa 3 cikin 100 ne a shekara. Idan ya taɓa, haɗarin ya fi haka, musamman a shekarar farko.

A nan, wanda ciwon kai ya sare shi farat ɗaya, lamba 15 ake kira, motar asibiti ta zo da ma'aikata, a yi masa sikana ba a tambayi ko sisi ba. Maganar kuɗi sai daga baya, ita ma inshorar gwamnati ke ɗaukar mafi yawa ta katin da suke kira Carte Vitale. Ganin likitan unguwa Yuro 30 ne, kusan jaka 20 na sefa, kuma a mayar maka da kaso mai tsoka. A gida kuwa sai an je wurin biya tukuna, an sayo safar hannu da ruwan ƙari, ga mara lafiya kwance. Wannan bambanci shi ya fi ci mini rai, fiye da na injuna.

Hanyoyin aiki uku ne. Ko a buɗe kai a cire dunƙulen, ko a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa kai a toshe wurin da wani irin danƙo, ko a harba masa haske daga waje da injin Gamma Knife, wanda asibitin La Timone na nan garin ke da shi tun 1992. Hasken ya fi dacewa da ƙaramin dunƙule, kuma sai ya ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin wurin ya rufe, a tsawon lokacin haɗarin na nan.

To Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Da duk waɗannan kaya a hannunsu, ba kowa suke taɓawa ba. Wani babban bincike mai suna ARUBA da ya fito a 2014 ya nuna cewa, cikin waɗanda nasu bai taɓa fashewa ba, waɗanda aka bar su a kan magani da sa ido sun fi waɗanda aka yi wa aiki tsira daga shanyewar jiki da mutuwa a shekarun da aka bi su. Har yau likitoci na muhawara a kai, wasu na cewa lokacin da aka bi marasa lafiyar ya yi gajarta. Amma na ga matasa da likitoci suka zauna a kan hotonsu, suka duba girman abin da inda yake, suka ce a je gida a riƙa dawowa. Saboda haka don Allah kada ku sayar da gonar nan a kan maganar dillalan kai mutane asibitin waje. Wanda ya zo da bizar jinya ba shi da Carte Vitale, kuɗin aiki yake ajiyewa tun kafin ya taso, kuma ba ƙananan kuɗi ba ne.

Kada kuma ku ɗauka nan aljanna ce. Ganin ƙwararre idan ba gaggawa ba sai a yi watanni ana jira. Mara lafiya ya kwana shi kaɗai, ba mai jinya a gefen gado, ba kunun gyaɗa, ziyara ma da agogo. A wannan kam mun fi su nesa ba kusa ba.

Abin da nake roƙo, ku bi takardar da likita ya ba ku zuwa Yawunde wurin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Mota zuwa Ngawundare, sannan jirgin ƙasa na dare. Ku tafi da hotunan kansu, ba takardar sakamako kaɗai ba. Ku tambaye shi ko ya taɓa zubar da jini, da girmansa, da ko ana buƙatar hoton jijiyoyi na musamman.

Kafin nan, maganin farfaɗiya kada ta tsallake ko rana ɗaya. Asfirin da dangoginsa na masu tallar magani a kasuwa ta bar su sai da izinin likita, domin suna hana jini daskarewa. A nan tun 2020 ko asfirin sai ka tambayi mai kantin magani ya miƙo maka, ba ka ɗauka da kanka. Ta daina zuwa wanki bakin Binuwai, kada a bar ta ita kaɗai gaban murhu. Idan ciwon kai ya zo mata irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko amai, ko hannu ya saki, ko magana ta karye, a nufi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, addu'a a yi ta a hanya.

Na saya mata na'urar awon jini, zan ba mai tahowa. Kuɗin jirgi da na masauki kuma zan turo ƙarshen wata in sha Allahu. Ku gaida Inna, ku ce ta kwantar da hankalinta.

Ƙaninku.