Sharhi a Kan Fim Ɗin The Philadelphia Story

Kamfanin MGM ne ya fitar da The Philadelphia Story a shekarar 1940, George Cukor ya ba da umarni, asalinsa kuwa wasan dandamali ne da Philip Barry ya rubuta, aka nuna shi a birnin New York a 1939. Na kalle shi a hotonsa na baƙi da fari, kuma tsufansa bai rage masa armashi ba, sai dai akwai wurin da ya ɓata mini rai ƙwarai.

Labarin na Tracy Lord ne, bazawara 'yar gidan attajirai a wajen birnin Filadelfiya, wadda ake jajibirin ɗaurin aurenta da George Kittredge, mutumin da ya taso a talauce ya yi arziki da guminsa. Ana cikin hidima sai ga tsohon mijinta Dexter, wanda shan giya ya raba su, ya iso tare da ɗan jarida Mike Connor da mai ɗaukar hoto Liz Imbrie daga wata mujallar tsegumi. Dole iyalin suka karɓe su, domin mai mujallar ya yi barazanar tona asirin mahaifin Tracy da wata mai rawa.

Duk wanda ya kalla zai gane cewa a dandamali aka haifi labarin, domin kusan komai a gida ɗaya yake faruwa, kuma magana ce ke jan ragamarsa. Ni a ganina nan ne ƙarfinsa yake. Babu inda ya fi burge ni kamar daren da Mike, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa, ya je gidan Dexter a buge da kwalba a hannu, yana magana shaƙuwa na katse shi, shi kuwa Cary Grant, wanda ya fito a matsayin Dexter, yana sunkuyar da kai yana danne dariya. Mutum biyu ne kawai a zaune a ɗaki, amma kallon ya fi na wasu finafinan da aka narkar wa dukiya daɗi. Stewart ya samu lambar yabo ta Oscar a kan wannan rawa, haka ma Donald Ogden Stewart da ya tsara labarin ya zama fim.

Katharine Hepburn kuwa, wadda ta fito a matsayin Tracy, da sunanta ta yi caca. A 1938 masu gidajen silima sun saka ta cikin jerin 'yan wasan da finafinansu ba sa kawo kuɗi, sai ta koma dandamali ta fito a wannan wasa, ta mallaki haƙƙin mayar da shi fim da taimakon attajiri Howard Hughes, sannan ta sayar wa MGM bisa sharaɗin ita ce za ta ja fim ɗin. Ana ganin wannan jajircewa a tsayuwarta da kaifin harshenta, har zuwa safiyar bikin, lokacin da ta fito tana kare ido daga rana, tana ƙoƙarin tuna abin da ya faru daren jiya.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda maza ke bin layi suna yi wa Tracy wa'azi a kan taurin zuciya. Mafi muni shi ne na mahaifinta, wanda ya bar matarsa ya bi wata, amma ya tsaya a gaban 'yarsa yana ɗora mata laifin, wai da ya samu 'ya mai tausayi da bai nemi kulawa a waje ba. Fim ɗin bai tsawata masa ba, ƙarshe ma ita ce ta sauko ta nemi yardarsa. Wannan zalunci ne, kuma daɗin barkwancin bai wanke shi ba. Haka nan Liz, wadda Ruth Hussey ta fito da ita cikin nutsuwa, an bar ta tana jiran Mike ya gama ruɗewa da wata kafin ya waiwaye ta.

Komen da Tracy ta yi gidan Dexter ya kwanta mini, domin shi ma ya daina sha kafin ya dawo, kuma shi kaɗai ne bai ɗauke ta gunkin da za a bauta wa ba. Mai niyyar kallo ya nemi kwafin da ke da rubutun magana a ƙasa, saboda Turancin yana gudu sosai, rabin dariyar kuma a cikin baƙar maganar da suke jifan juna da ita take.