Jirgin ruwan tafkin Königssee: ku yanki tikitin Salet

Duk wanda ke Jamus ko birnin Salzburg na ƙasar Austriya kuma yana da kwana ɗaya a hannu, don Allah ya je Königssee. Tafki ne a cikin gandun Berchtesgaden da ke Bavariya, wanda aka kafa a 1978, shi kaɗai ne gandun ƙasa na Jamus a tsaunukan Alps. Ba hanyar mota a gefen tafkin, duwatsu ne tsaye suka kewaye shi, sai dai jirgi.

Jiragen da lantarki suke aiki tun 1909, shi ya sa ba hayaƙi ba ƙarar inji, kana zaune kana jin ruwa na bugun jikin katako, ruwan kuma kore shar, a bakin gaɓa har tsakuwar ƙasa kake gani. A hanya sai matuƙi ya kashe inji gaban wani bangon dutse, ɗaya daga ma'aikatan ya ɗauko ƙaho irin na 'yan badujala ya busa, dutsen ya maido masa da sautin tar. Wallahi jirgin nan tsit ya yi har da yara. Bayan nan ana ɗan ba shi ihsani, to ku riƙe canji.

Yawancin mutane a St. Bartholomä suke sauka, wajen cocin nan mai jajayen ƙubbobi a ƙarƙashin dutsen Watzmann mai mita 2,713, kamar minti 35 kenan. Wurin yana da kyau kuma akwai kifin banda da aka kamo a tafkin, wanda ya rage mana ciwon kan neman halal. Amma ni shawarata kar ku tsaya nan, ku yanki tikitin Salet, ƙarshen tafkin, daga can tafiyar ƙafa kaɗan ce ku isa ƙaramin tafkin Obersee, ga shanu da ƙararrawa a wuya suna kiwo, ga Röthbach yana kwararowa daga sama, mafi tsayin faɗuwar ruwa a Jamus. Da hunturu jirgi ba ya zuwa Salet fa.

Ku je da sassafe don da rana layi ya yi tsawo, ku sa takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi ko da bazara ce, sannan ku tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun kuna sauka, in ya wuce ku ba motar da za ta kwaso ku.