Darjeeling ko Nilgiri: wane tikiti zai kai ka ga jirgin tururi na gaske?

Mai zuwa Indiya don karatu, kasuwanci ko jinya, idan ya samu sarari yana son ya hau jirgin ƙasa mai aiki da tururi a kan duwatsu, layuka biyu ne a gabansa: na Darjeeling a arewa maso gabas, da na Nilgiri a jihar Tamil Nadu. UNESCO ta sa na farko cikin kayan tarihin duniya a 1999, na biyu a 2005. Sai dai ba kowane tikiti ne ke kai mutum ga kan jirgi mai tururi ba, kuma a nan masu saye suka fi yin kuskure.

Layin Darjeeling, wanda aka buɗe a 1881, faɗinsa ƙafa biyu ne kacal. Kawunan jirginsa su ne na rukunin B, ƙanana masu ƙafa huɗu da tankin ruwa a bisa tukunya. An ƙera 34 tsakanin 1889 da 1925, akasarinsu a Glasgow. Ba su da haƙoran da ke kama layi wajen hawan dutse, nauyinsu kaɗai ke riƙe su a kan dogo. Shi ya sa za ka ga ma'aikata zaune a goshin injin suna barbaɗa yashi da hannu, don idan raɓa ta jiƙa ƙarfen, ƙafafun sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Doguwar tafiyar kilomita 88 daga New Jalpaiguri tana cin awa bakwai ko fiye, kuma injin dizal ne ke ja. Mai neman tururi ya sayi tikitin Joy Ride, daga Darjeeling zuwa Ghum a dawo, kusan awa biyu, da tsayawa a Batasia da kuma tashar Ghum mai tsayin mita 2,258. Shi ma iri biyu ne, na dizal da na tururi mai ɗan tsada, don haka a duba da kyau a shafin IRCTC, kamfanin sayar da tikitin jiragen ƙasa na Indiya, kafin a biya. Kada ka sa farar riga; burbushin kwal na shigowa ta taga.

Nilgiri kuwa aikin ƙarfi ne. Daga Mettupalayam zuwa Ooty kilomita 46 ne, a dogo mai faɗin mita ɗaya. Tsakanin Kallar da Coonoor hawan yakan kai mita ɗaya a cikin kowace 12, don haka aka shimfiɗa ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layin. Kawunan rukunin X, waɗanda kamfanin SLM na Switzalan ya fara kawowa a 1914, silinda huɗu gare su: biyu na juya ƙafafu, biyu na juya giyar da ke cizon haƙoran. Injin a baya yake tsayawa yana tura taragai sama, saboda nauyinsu ya kwanta a kansa maimakon ya rataya a maɗauri. Taragon gaba ya fi samun kallo, na kusa da inji ya fi jin huci da ƙara.

Jirgin na tashi daga Mettupalayam da ƙarfe 7:10 na safe, ya isa Ooty wajen tsakar rana, bayan tsayawa shan ruwa a tashoshi irin su Hillgrove. A Coonoor ake cire na tururi a sa na dizal. Wanda ya sayi Coonoor zuwa Ooty saboda araha da saurin samuwa, bai hau na tururi ba ko kaɗan. A sani kuma, wasu kawunan da ke aiki yanzu sababbi ne, ƙirar masana'antar Golden Rock da ke Tiruchirappalli daga 2011, masu ƙona mai maimakon kwal.

A ganinmu, mai son tsohon ƙarfe da ƙamshin kwal, ga ƙarancin lokaci, ya nufi Darjeeling ta filin jirgin Bagdogra. Mai son ganin inji yana aikin da aka ƙera shi dominsa, Nilgiri ya fi, kuma daga Chennai jirgin dare na Nilgiri Express na sauke ka a Mettupalayam kafin tashin na tururin. Kujerun kaɗan ne, a kama da wuri. Zaftarewar ƙasa takan tsayar da Darjeeling daga Yuni zuwa Satumba, Nilgiri kuma daga Oktoba zuwa Disamba, don haka a bar kwana ɗaya na rara a tsarin tafiya.